Rabin Tan a Kan Gangara

An saki mai igiyar babban siton tayil ranar Alhamis da yamma, bayan mako biyu a hannun 'yan sanda bisa zargin sakacin da ya yi ajalin ma'ajin siton. A yammacin nan aka rufe wani abokin aikinsa a ɗakin da ya bari. Waɗanda suka juya maganar su ne wani dattijo mai bin sawu da 'yar wanda ake zargin, malamar lissafi a makarantar sakandare.

Siton yana ƙarshen layin masu kayan gini. Hawa biyu ne. Na sama daidai yake da titi, nan manyan motoci ke sauke kaya. Na ƙasa a cikin ƙasa yake, nan ake ajiye tayil mai tsada. Gangarar siminti ce ta haɗa su, matsattsiya, bango hagu bango dama, ta ƙare a jikin wata ƙofar ƙarfe. Ana loda kaya a kurar ƙarfe mai taya huɗu, a ɗaura mata igiyar waya, injin lantarki ya riƙa sakinta a hankali har ƙasa.

Ranar da abin ya faru, an ɗauke wuta kurar ta shiga bakin gangara ke nan. Ma'aikata suka watse hutun rana. Kafin su dawo, kurar ta gangara ta haɗa ma'aji da ƙofar ƙarfe. An tarar da mukulli a hannunsa. Igiyar a tsinke take. Waji, wato katakon da ake tokare taya da shi, yana rataye a ƙusarsa.

Sufeton da aka ba aikin bai sha wahala ba. Kayan da ke kurar, har da ita kanta, tan biyu ne. A jikin igiyar an buga tan ɗaya. Mai igiya, wanda kowa ke kira Baba Ƙulli, shi ya loda, shi ya ɗaura. An kama shi kafin a ɗauke gawa.

Unguwa ta fi Sufeto sauri. Aka tuna Baba Ƙulli da ma'aji kullum cikin faɗa suke, aka ce ba sakaci ba ne, niyya ce. Aka jefi rufin gidansa. Matarsa ta daina zuwa famfo. Ƙannen marigayin suka aika cewa idan kotu ta sake shi, su ba su sake shi ba.

*

Mai Sawu ya yi shekarunsa yana bin ɓarayin katako a gandun daji kafin gwiwa ta zaunar da shi. Malama ta same shi a ƙofar gida yana gyaran rediyo.

"Kawu, mahaifina ya ce ya sa waji."

"Ke kin yarda?"

"Ni 'yarsa ce."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta sunkuyar da kai. "Tan biyu a igiyar tan ɗaya. Ko ɗan aji ɗaya ya san amsar. Amma wajin nake so a duba. Idan ya sa, ko ba komai ba za a ce da gangan ya yi ba. Mako mai zuwa za a kai shi kotu, kuma ƙannen marigayin suna jira a waje."

Mai Sawu ya ajiye rediyon. "Ni ƙasa nake tambaya, Malama. Idan ta ce mahaifinki ne, haka zan faɗa."

*

A ofishin 'yan sanda suka tarar Baba Ƙulli ya rame. Yana magana yana duban tafin hannunsa.

"Wuta ta ɗauke, injin ya kama birki. Na sauka na sa waji a tayar hagu ta gaba, na taka shi da ƙafa ya zauna. Na tafi wajen mai shayi. A can ƙarar ta same ni, kofi a hannuna, mutum sun fi goma."

"An ce ba kwa shiri da marigayi," in ji Mai Sawu.

"Faɗanmu na fanka ne. Ni in juyo ta wajena, shi ya juyar. Shekara da shekaru. Yanzu a kan iska zan kashe mutum?"

"Igiyar fa? Ka san tan ɗaya aka rubuta?"

"Na sani. Tun da na fara aikin nan da irinta muke saukar da tan biyu, ko kuka ba ta taɓa yi ba. Na faɗa wa Sufeto, ya ce to na amsa laifina da bakina." Ya ɗago kai ya dubi 'yarsa. "Ki ce wa uwarki ta koma gidan yayarta. Yau, kar ta kwana."

*

Tun ranar da abin ya faru aka toshe bakin gangarar da katako. Ba wanda ya matsa kusa. Ma'aikata kan zagaye ta nesa, wasu sun ce da rana tsaka suna jin ƙarar taya a ƙasa.

Manaja ya tarbi Mai Sawu da Malama a tsaye, bai ba su kujera ba.

"An gama wannan magana. Kamfani ya yi asara, an yi rashi, me kuma za a tono?"

"Kana ina lokacin?" in ji Mai Sawu.

"A ofis."

"Da wa?"

"Da kaina. Ko shi ma laifi ne?"

"Me ya kai ma'aji ƙasa a lokacin hutu, ba wuta?"

"Ka tambaye shi." Manaja ya ji abin da ya fita daga bakinsa, ya share goshi. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Direban motar ɗaga kaya ya fi sakin fuska. Cokali ake ce masa, saboda ƙarafan nan biyu na gaban motar. Ya sauko ya gaida Mai Sawu hannu biyu.

"Baba, sannu da zuwa. Malama, ya haƙuri? Wallahi Baba Ƙulli uba ne a gare mu, amma sau nawa ina ce masa, tsoho, tan biyu fa tan biyu ne. Ni aikina ke nan, ɗaga kaya. Ni na fara nuna wa Sufeto lambar igiyar, da kyar na iya, amma gaskiya gaskiya ce."

"Kai kana ina?"

"Bayan sito, a kan kujerar amaryata, ina barci." Ya dafa motar. "Ba na rabuwa da ita. Ga mukullinta a wuyana, ko Manaja bai taɓa hawa ba."

"Za ta iya ɗaga kurar nan?"

Cokali ya yi dariya. "Karanta jikinta, Baba. Tan ɗaya da rabi. Ka ɗora mata biyu ta yi maka sujada."

Bakaniken siton ƙato ne mai ƙaramar murya. Ya amsa tambayoyi yana goge hannun da babu maiƙo a jikinsa. Ya ce yana shagonsa shi kaɗai, yana cin abinci. Ya ce injin igiyar lafiyarsa ƙalau, amma in babu wuta ko motsi ba ya yi.

"A nan komai sai ya kashe mutum ake gyara shi," in ji shi. "Wata nawa ina roƙon wayar birkin hannu ta motar Cokali? Har yau. Sai dai ya jingina ta da bango in zai sauka."

*

Da Sufeto ya iso, Mai Sawu ya sa aka rufe babbar ƙofa don wurin ya yi duhu. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin gangara, ya kwantar da tocila a kan siminti yadda haskenta zai share ƙasa a kaikaice.

Tsakiyar gangarar ba abin karantawa. Masu kai ɗauki sun tattake ta. Amma a gefen bangon hagu ƙurar tayil na nan yadda take, fara, mai laushi. Ya daɗe a wurin, har Sufeto ya fara duba agogo.

"Zo ka gani, ranka ya daɗe."

A cikin ƙurar akwai shatar wani abu mai kusurwa huɗu, kamar tafin hannu biyu. Bakinta na ƙasa ya ciji siminti.

"Waji ya zauna a nan, kuma ya ɗauki nauyi. Tsohon bai yi ƙarya ba."

"To ya zame ke nan," in ji Sufeto.

"Abin da ya zame yakan bar jela. Wannan ba shi da ita. Ɗauke shi aka yi sama, tsaf, kamar an ɗauke kofi daga tebur. Kawo wajin."

Aka kawo. Ya juya shi gaba da baya. Babu tabon guduma, babu tsagewa.

"Akwai wani abu kuma. Dubi sawun tayar. Ta sauko, ta tsaya a jikin waji. Sannan ta koma baya, sama, kamar taƙi guda. Ga inda ta take nata sawun. Daga nan ta tafi."

"Kura ta hau gangara da kanta?"

"Abin da ƙasa ta ce ke nan. Ban ce na gane ba."

*

Matar marigayin ta yarda ta gan shi, amma ban da Malama. Ƙannen mijinta biyu suka tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji.

"Kwanakin nan ba ya cin abinci," in ji ta. "Ya ce akwai kayan da ke fita daga sito ba ta hannunsa ba. Ya ce in masu kamfani sun zo ƙarshen wata zai faɗa musu baki da baki."

"Ya ambaci suna?"

"Ya ce in na sani zan kasa gaida matan mutane."

"Mutane ya ce, ko mutum?"

Ta yi tunani. "Mutane."

Da zai fita, babban ƙanin ya tare hanya. "Baba, da girmanka kake yi wa mai kisa aiki?"

"Yayanka nake yi wa aiki, ɗana. Matsa in wuce."

*

Washegari Mai Sawu ya ce zai auna gangarar, ko awon zai gaya masa yadda kura ke komawa baya. Ya nemi Malama ta riƙe masa bakin tef. Ranar ce ta fara sauka cikin gangarar. Wata babbar mota na sauke kaya a waje, Cokali na kai da kawowa, Sufeto na tsaye a inuwa yana kallon aikin.

Suka sauka da tocila. Ƙasan akwai sanyi da warin siminti. Kurar tana nan inda ta tsaya, gabanta a lanƙwashe, fasassun tayil sun cika wurin. Ƙofar ƙarfen ta lotsa daidai ƙirjin mutum. Malama ta kau da kai.

"Tsawon gangarar nawa, Kawu?"

"Mita goma sha biyu."

"Zurfin fa, daga daben sama zuwa nan?"

"Uku."

Ta tsaya cak. Ta ɗaga kai ta dubi gangarar tun daga ƙasa har bakinta. Ta ciro alli a jaka, ta ɗauki ɓallin tayil, ta zana alwatika a bayansa.

"Uku cikin goma sha biyu. Kwata. Shi muke kira sayin na kusurwar a lissafi. Digiri goma sha huɗu da rabi ke nan."

"Sauko ƙasa-ƙasa, Malama. Ni daji na karanta."

"Da rataye kurar aka yi, kamar guga a rijiya, duk tan biyun yana kan igiya. Da a fili take, igiya ba ta ɗauki komai ba. A gangara nauyin rabuwa yake gida biyu. Ɗaya yana danna siminti, shi ne nauyi sau kosayin, kusan dukansa. Ɗayan yana jan kurar zuwa ƙasa, shi ne nauyi sau sayin. Shi kaɗai igiya ke riƙewa. Kwatan tan biyu."

"Rabin tan."

"Rabin tan, Kawu. A kan igiyar da aka yi don tan guda. Ba za ta tsinke ba. Ko waji bai sa ba, ba za ta tsinke ba." Ta dafa bango. "Da aka ce mini igiya, abu a rataye na gani a raina. Ban tambayi kowa ba."

Mai Sawu ya ajiye tef ɗin. Ya kwanta a gefen kurar yana haska ƙarƙashinta ta baya. Ya daɗe. Da ya miƙe ya ce, "In igiya ba ta riƙe ba, rabin tan ɗin nan a kan wa yake?"

"A kan waji."

"Mutum zai iya zare shi da hannu?"

Kafin ta amsa, hasken bakin gangarar ya ragu. Wani yana tsaye a sama. Haske na bayansa, ba a ganin fuska, ba a ganin kaya, sai tsayi. Sai suka ji ƙarfe ya taɓa siminti.

Mai Sawu ya fizgi Malama, ya cusa ta tsakanin bayan kurar da bango, ya faɗa kanta. Ƙarar ta cika wurin, tana ƙaruwa. Tukunyar gas ce ta walda, doguwa. Ta daki gefen kurar, ta yi tsalle, ta bugi bango, ta tsaya tana juyi kusa da ƙafarsa.

Da suka ɗaga kai, bakin gangarar fayau.

Sufeto ya shigo da gudu. Ya tara kowa. Kowa yana da inda yake, ba wanda ya ga komai. Bakanike ya rantse tukunyar a ɗaure ya bar ta. Manaja ya ce wataƙila girgizar babbar mota ce. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

*

A ofishin 'yan sanda aka shimfiɗa igiyar a tebur. Mai Sawu ya ware bakin silin ɗaya bayan ɗaya.

"Wayar da ja ya tsinka, bakinta sirancewa yake. Waɗannan a daddaƙe suke. An ɗora ta a kan ƙarfe an yi ta duka da guduma har ta rabu, sannan aka barbaza bakin. Kuma tana sake aka yi, nauyi na kan waji."

Sufeto ya miƙe. "Guduma ta bakanike ce. Tukunyar gas tasa ce. Shi kaɗai yake a shago. Yau zai kwana a nan."

"Gudumar a ƙusa take, kowa na ɗauka. Ka ba ni zuwa gobe, ranka ya daɗe. Ka tara mini su a bakin gangara, ka sa a loda wata kura irinta da tan biyu. Ka zo da mutanenka da yawa."

A ranar Malama ba ta koma gida ba. Ta kwana wajen wata abokiyar aikinta, ba ta gaya wa kowa ko wace ce ba.

*

Ranar Alhamis da hantsi aka taru: Manaja, Bakanike, Cokali, sauran leburori, da ƙannen marigayin da Sufeto ya gayyata. An saukar da kurar har kusa da ƙasa da sabuwar igiya, aka sa waji, aka sassauta igiyar kaɗan yadda nauyi zai koma kan katakon.

"Bakanike, kai ne ƙarfin gidan nan," in ji Mai Sawu. "Zare mini shi."

Bakanike ya sauka, ya durƙusa, ya ja. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya taka bango ya sake ja. Leburori biyu suka kama masa. Wajin ko gezau.

Malama ta zana alwatikarta a bango, babba, ta yi bayani kamar a aji, ba ta dubi kowa ba. Da ta rubuta rabin tan ta ja layi a ƙarƙashinsa.

"Ya yi wa igiya kaɗan," in ji Mai Sawu, "ya yi wa hannu yawa. Igiyar ba ta tsinke ba, sare ta aka yi. Wajin bai zame ba, kuma ba a buge shi ba. Sai da aka ja kurar baya taƙi guda aka sauke masa nauyi, sannan aka ɗauke shi. Inji ne kawai zai yi wannan. A gidan nan inji biyu ne. Na igiya ba ya aiki in ba wuta, kuma babu wuta."

Idanu suka koma kan Cokali. Ya yi murmushi, ya buɗe hannu.

"Haba Baba. Na gaya maka, tan ɗaya da rabi take ɗauka. Sufeto ma ya karanta."

"Ba wanda ya ce ta ɗauki tan biyu," in ji Malama. "Tallabar gindin kurar ta yi, ta ja rabin tan. Gaban yana kan tayoyinsa."

"A ƙarƙashin kurar da ta yi kisan," in ji Mai Sawu, "ta baya, akwai sabon karce guda biyu, da rawayan fenti a ciki. Na auna tsakaninsu. Sufeto, auna cokulan motar."

Sufeto ya auna. Ya dubi tef ɗin, ya dubi Mai Sawu, ya gyaɗa kai.

"Kowa zai iya hawa mota," in ji Cokali. Muryarsa ta canja.

"Ɗana, da bakinka ka ce mukulli na wuyanka, kuma a kanta ka yi barci."

Wani lebura daga baya ya yi magana ba tare da ya ɗago ba. "In an ɗauke wuta ana sauri, haka yake yi mana. Ya tallabo ta, a cire waji, mu bi ta da sarƙa. Manaja bai sani ba."

Cokali ya nemi wurin zama ya rasa, ya zauna a kan cokalin motar. Babban ƙanin marigayin ya yunƙura, 'yan sanda biyu suka riƙe shi. Sufeto ya ciro ankwa.

"Dakata, ranka ya daɗe," in ji Mai Sawu. "Saura tambaya ɗaya. Bakanike, ya birkin hannun motar nan?"

"Babu shi."

"In rabin tan na janta zuwa gangara, direba ya ɗaga ƙafa daga birki?"

"Su tafi tare, ita da kurar."

"To bai sauka ba. Yana kan kujera, ƙafarsa a kan birki, wajin kuma yana can gaban kurar." Ya juya ga Cokali. "Wa ya ɗauke shi ya rataye a ƙusa? Wa ya kira ma'aji ƙasa? Jiya kana waje gaban Sufeto, wa ya sako mana tukunyar gas?"

Cokali ya ɗaga ido, ya fara bin fuskokin da ke tsaye, sai ya fasa, ya mayar da shi ƙasa da sauri.

"Ni kaɗai ne," in ji shi.

"Ba zai yiwu ba."

"Ina da 'ya'ya, Baba. Ni kaɗai ne."

Leburorin da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa suka fara ja da baya, kowa yana barin fili tsakaninsa da na kusa da shi.

*

Baba Ƙulli ya fito da yamma. Ƙannen marigayin suna bakin ofishin 'yan sanda. Babban ya matso, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dafa kansa ya wuce.

Manaja ya aiko cewa aikinsa na nan, ya dawo ranar Litinin. Malama ta ce ba zai koma ba. Baba Ƙulli ya ce in bai koma ba, da me za a gyara rufin da aka fasa. Ta ce Kawu ya sa baki.

"In ka koma," in ji Mai Sawu, "kada ka sauka ƙasa sai ka san wanda ke sama."

"Ai duk na san su," in ji Baba Ƙulli. "Abin ke nan."

Cokali ya amsa cewa shi ya sare igiyar, shi ya ja kurar, kuma ya yi ne don a rufe bakin ma'aji kan kayan da ake fitarwa. Bai canja magana kan sauran ba. 'Yan sanda sun gwada motar sau biyu a bakin gangara, ɗaure da sarƙa. Duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa, kurar takan ja ta.

A gefen shatar wajin, Mai Sawu ya nuna wa Sufeto rabin sawun takalmi, na wanda ya durƙusa a wurin. Takalmin aiki ne, irin wanda kamfani ke raba wa kowa, daga Manaja har mai shara. Har zuwa jiya ba a kama mutum na biyu ba. An buɗe gangarar ranar Litinin, kuma babu ma'aikaci ko ɗaya da ya ƙi zuwa aiki.